Mazauna hanyar gabas: tambayoyi da amsoshi kan mahajjatan ƙafa da suka yada zango ba su tashi ba

Da wuya a zauna da dattawan Gangare ko Dilimi ko Unguwar Rogo a nan Jos, a taɓo tarihin gida, ba a ji an ce "wane ya yi gabas" ba. Wani ya dawo da furfura da sunan Alhaji, wani wasiƙarsa ce kawai ta dawo, wani ko wasiƙar babu. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilun 2023, jikokin waɗanda suka tafi suka shiga cigiyar dangi ta waya, na nan gida su ma suka fara tambaya. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Su wane ne mazauna hanya?

Mutanen da suka bar gida da niyyar hajji a ƙafa, suka tsaya wani gari neman guzuri, tsayuwar ta zama zama. Akwai wanda bai taɓa ganin Ka'aba ba har ya rasu. Akwai wanda ya sauke farali, a hanyar dawowa ya maƙale. Akwai kuma wanda ya isa Makka ko Madina ko Jidda ya ce nan zai jira ajalinsa. Mutanen Sudan suna haɗa su duka, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare, su kira su Fallata ko Takarir. A Saudiyya asalin ya koma sunan gida: Hausawi, Barnawi, Fallata. Kalmar "takari" da muke yi a nan daga Takarir ɗin ta fito, kuma ta riga ta ɗauki warin raini, don haka kada a kira mutum da ita a gabansa.

Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne, a cikin tsofaffinsu akwai wanda aka haifa a can, ya yi 'ya'ya da jikoki a can, amma in ka tambaye shi sai ya ce a kan hanya yake. Ba wasa yake yi ba. Niyyar da ubansa ya fito da ita ce ya gada.

Wace hanya ake bi daga Jos?

A gangara Bauchi, kilomita 130 ko kusa da haka, sai Darazo, Potiskum, Damaturu, Maiduguri. Jimla wajen 600. A Maiduguri ake haɗuwa da mutanen Kano da Katsina da Sakkwato. Daga nan Dikwa, Gamborun Ngala, a ratsa siririn wuyan Kamaru ta Fotokol zuwa Kusiri, a haye kogi a shiga Injamena, wadda a zamanin Faransawa ake ce wa Fort Lami. Wannan zangon wajen kilomita 250 ne. Injamena zuwa Abeshe ya kai 750, daga Abeshe kuma zuwa Adre a bakin iyaka a tsallaka Janaina, kusan 200.

An shiga Darfur ke nan. Wasu su bi ta Al-Fashir, wasu ta Nyala, a haɗu a Nuhud, a isa Al-Ubayyid. Jirgin ƙasa ya iso Al-Ubayyid a 1912, ya kai Nyala a 1959, to mai ɗan abin hannu a nan yake ajiye sanda. A Kosti a haye Farin Nilu zuwa Sinnar, inda hanya ta rabu biyu: arewa ta Wad Madani da Khartum, ko gabas ta Gadarif da Kasala. Duk a ƙare a Sawakin ko Fot Sudan, bakin Bahar Maliya. A Sawakin ake killace mahajjata a duba lafiyarsu kafin jirgin ruwa ya ɗauke su zuwa Jidda, tafiyar kilomita 300 ko ɗan ɗori a kan ruwa. Jidda zuwa Makka bai wuce 80 ba.

In aka haɗa, hanyar ƙasa ta haura kilomita 4,000. Daga shekarun 1940 zuwa gaba manyan motoci sun ɗauke wa mutane wasu zangunan, amma kuɗin mota ma sai an nema.

Kilomita 4,000 ai ba ta kai shekara ba. Me ya sa ake shekaru?

Lissafin daidai ne. Ayarin da ke da mata da yara da jakuna yana cin kilomita 20 a rana, wato kwana 200, bai cika wata bakwai ba. Ba nisa ke cinye shekaru ba, tsayuwa ce.

Kusan babu wanda yake fita da kuɗin da zai kai shi ya dawo da shi. Tsarin tun farko shi ne a yi tafiya har guzuri ya ƙare, a tsaya a yi aiki, a tara, a ƙara gaba. Damina kuma tana rufe hanya daga Yuni zuwa Satumba: baƙar lakar Borno da ta Chadi tana kama ƙafar jaki, ƙoramun da suke busassu da rani su cika su yi kwanaki ba a hayewa. Wanda damina ta tsare dole ya ari gona, wanda ya shuka kuwa ba ya tashi sai ya girbe, ya sussuke, ya sayar. Nuwamba ta yi ke nan. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce maki 40, rijiyoyi suna ja da baya. Watannin tafiya na gaskiya huɗu ne zuwa biyar a shekara.

Sai kuma babban tarko: hajji sau ɗaya ne a shekara, kuma kowace shekara yana matsowa da wajen kwana 11 a kalandar Bature. Wanda ya isa Sawakin bayan jirgin ƙarshe ya tashi, ko da mako ɗaya ne, ya yi asarar shekara, kuma kuɗin jirgin da ya tara shi zai ci kafin baɗi. Ƙara da haihuwa, da jinya, da takaba idan maigida ya rasu a hanya.

Me ake ɗauka, kuma nawa?

Ruwa ne ke yanke hukunci, ba abinci ba. Babban mutum mai tafiya cikin rana yana shan lita 4 zuwa 6 a yini. Iyali na mutum biyar, lita 25 ke nan, kilo 25. Tiya ɗaya ta gero, wajen kilo biyu da rabi, tana ciyar da mutum biyar a yini. Guzurin kwana goma tiya goma, wani kilo 25 ɗin. Jaki mai lafiya a doguwar tafiya ba a ɗora masa fiye da kilo 40 zuwa 50, kuma shi ma yana shan ruwa. To ka ga mai jaki ɗaya ba ya iya nisanta da rijiya fiye da yini ɗaya ko biyu. Shi ya sa hanyar ba ta miƙe ba, rijiya take bi. A yankin Nuhud, inda rijiya ke wuya, mutanen ƙasar suna rarake cikin kuka su tara ruwan damina a ciki. Kowace kuka da mai ita, ruwan kuma saye ake yi.

Sauran kaya kaɗan ne: salka, buta, tabarma, tukunya ɗaya, garin gero, ƙuli-ƙuli, kilishi, tsamiya, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, kanwa, allura da zare. Abin da ya fi duk waɗannan daraja shi ne kayan sana'a, zabirar wanzami ko kayan dukanci ko allo da tawada, domin su ne guzurin da ba ya ƙarewa. Ba a tafiya ɗai-ɗai. Ayari yana da madugu, akwai jagaba da ya san rijiyoyi, ana tashi da asuba a sauka kafin rana ta take, in da farin wata a ƙara da dare.

Wane irin ciwo ne ya fi kwantar da su?

Ƙafa tukuna: bororo daga sabon takalmi, da faso da ke tsagewa ya ɗauki ƙasa ya ruɓe. Sannan zazzaɓin cizon sauro da damina, sanƙarau da bazara, amai da gudawa a duk inda jama'a suka taru kan rijiya ɗaya, da agana kafin a kawar da ita daga duniya. Kurkunu yana da nasa mugun hali: sai bayan kusan shekara da shan ruwan kududdufi yake fitowa, don haka wanda ya sha a Chadi a Sudan yake gurguncewa, sau da yawa daidai lokacin aikin gona. Tace ruwa da ƙyalle mai kauri yana hana shi. A gonakin auduga na Jazira da ke Sudan kuma tsargiya ce, daga shiga ruwan magudanan ban-ruwa.

Da me suke rayuwa a inda suka tsaya?

Da noma da ƙwadago galibi. An kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, kuma auduga tana son hannu da yawa lokacin tsinta. Filayen an raba su ne galibi ga 'yan ƙasa, mutanenmu suka zama 'yan ƙwadago da masu noman raba-daidai, suna zaune a ƙauyukan gefen gona da ake kira kambo. A Gadarif akwai yankan riɗi da dawa da kaka, a Kordofan akwai gyaɗa da ɗiban ƙaro da rani, a bakin kogi akwai kamun kifi da noman lambu. A birane kuwa sana'o'in gida ne: wanzanci, ɗinkin hula, dukanci, ga-ruwa, yankan farce, karantar da yara, rubutun sha. Mata da ƙosai da gyaɗa da fura. Gasasshen naman nan mai yaji da duk Sudan ke kira agashe, sunansa ma ya faɗi daga inda ya fito.

Baƙo ba ya sauka sai ta hannun shehun zango ko mai unguwa. Shi ke ba shi masauki, ya haɗa shi da mai gona, ya tsaya masa a gaban hukuma, sau da yawa kuma a wurinsa ake ajiyar kuɗin jirgi.

In mutum yana aiki yana tarawa, me ke hana shi tashi?

Nan ne zancen yake. Na farko bashi. Da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, mutum yana karɓar kuɗi ko hatsi a wurin ɗan kasuwa a kan zai biya da amfanin gona da kaka, a farashin da mai ba da bashin ya yanka. Can suna kiransa shail. Kaka ta zo, a kwashe rabin abin da aka noma, ragowar ba ta kai wata damina, a sake ci. Mai bashi a wuya kuwa ba ya barin gari, kuma shi kansa ya san bai dace ya tafi hajji da haƙƙin wani ba.

Na biyu iyali. Wanda ya fito shi kaɗai kuɗin kujera ɗaya yake nema. Ya yi aure ya haifi huɗu, yanzu shida yake nema, kuma kuɗin jirgi ba ya jiran kowa, hawa yake yi. Ba zai bar su ba, ba zai iya ɗaukarsu ba.

Na uku cuta. Dillalin da ya karɓi kuɗin takarda ya ɓace. Masu ƙananan jiragen ruwa da ke tsallakar da marasa takarda da dare su sauke mutane a gaɓar da ba ruwan sha, nesa da Jidda. A da can har sace yara ana yi a sayar, domin sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta a hukumance. Tsoron wannan kaɗai ya zaunar da gidaje da yawa a gaɓar Sudan.

Akwai na huɗu da ba a cika faɗa ba, shi ne kunya. Mutumin da aka raka har bayan gari da addu'a, aka yafe juna, ba ya iya dawowa ba tare da ya ga Ka'aba ba. Gaba ta gagara, baya ta gagara, sai a zauna. A ganinmu duk wanda zai yi wa kakansa hukuncin cewa ya watsar da gida, ya fara auna wannan.

Mene ne labarin garin Mai Wurno?

Turawan Ingila sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita ya nufi gabas, jama'a masu yawa suka bi shi, sarakuna da malamai da talakawa. Aka tare su a Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, ya yi shahada a can ranar 27 ga Yuli, 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira suka ci gaba, daga baya suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar kaɗan. Garin ya ɗauki sunansa, kuma har yau zuriyarsa ke riƙe da sarautar. Tun kafin wannan akwai maganar da ta yaɗu a ƙasar Hausa cewa a ƙarshen zamani jama'ar Shehu za su yi ƙaura gabas su tarbi Mahadi, to ga mutane da yawa hijira da hajji sun zama tafiya ɗaya. Mai Wurno ta zama babban zango ga duk wanda ya biyo baya. Mai cigiyar dangin da suka tafi kafin 1930, daga nan ya kamata ya fara tambaya.

Malam, ya halatta mutum ya fita hajji ba shi da guzurin da zai kai shi?

A mazhabar Malikiyya, wadda ita kakanninmu suka karanta, iko ba ya nufin kuɗi a hannu kawai. Littafin Risala ya lissafa hanya mai aminci, da guzurin da zai kai Makka, da ƙarfin isa a kan abin hawa ko a ƙafa, tare da lafiyar jiki. Littafin Muhtasar ya ƙara da cewa mai sana'ar da za ta riƙe shi a hanya, in yana iya tafiya, yana cikin masu iko ko ba shi da guzuri da abin hawa. Wanzamin da ya rataya zabira ya kama hanya ba ganganci ya yi ba, da hujjarsa. Sai dai a lura da sharaɗin farko, amincin hanya ga rai da dukiya. Za mu dawo kansa.

Wanda ya shekara goma a zango yana cewa shi matafiyi ne, zai yi ta ƙasaru?

A'a. Ƙasaru tana farawa ne a tafiyar mil 48, wajen kilomita 80, kuma da zarar mutum ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, ko abin da zai kai salla ashirin, ya koma cika salla, azumi ma ya hau kansa. Niyyar hajjin da ke zuciya ba ta mayar da mai gona da gida matafiyi.

'Yan Sudan ne su yanzu ko 'yan Najeriya?

Mafi yawansu 'yan Sudan ne, can aka haife su da iyayensu, Larabci suke karatu da shi, Hausarsu ma ta sha Larabci. Amma takarda ta daɗe tana ba su wahala. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, alhali yawancin mutanenmu bayan 1903 suka iso. An sassauta dokar daga baya, amma kallon baƙo bai gushe ba, musamman kan mallakar ƙasa. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022, wanda ya tashi a yankin Rusairis da Damazin a Yuli ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba, kan ƙasa da neman sarautar gargajiya ga Hausawa ya faro, ɗaruruwan mutane suka mutu. Yaƙin 2023 kuma ya bi ta kan garuruwan hanyar ɗaya bayan ɗaya: Janaina, Nyala, Al-Fashir, Khartum, Wad Madani.

Ina da ƙarfi, ina da niyya. Zan iya tafiya a ƙafa yau?

Ɗan'uwa, shawararmu a'a ce, kuma ba don raina niyyarka ba. Sharaɗin amincin hanya ya faɗi. Tsakanin Dikwa da Gamboru ba wurin tafiyar ƙafa ba ne shekaru da yawa yanzu, Darfur da Kordofan kuwa fagen yaƙi ne. Ana yawan kawo misalin matashin nan na Jos da ya tafi a kan keke ya isa Makka a ƙarshen 2022. Gaskiya ne ya isa, amma ya ratsa Sudan kafin yaƙi, kuma ba lokacin hajji ya isa ba.

Ko da hanya lafiya lau take, ƙofar ta canza. Bizar hajji tana fitowa ne daga kujerun da Saudiyya ta ware wa Najeriya, ta hannun hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da ke Abuja, da hukumar jin daɗin alhazai ta jiha ko kamfanin da aka ba lasisi. Ana neman fasfo da shaidar rigakafin shawara da sanƙarau da shan inna. Wanda ya bayyana a bakin iyaka da sanda da buta ba shi da inda zai shiga. Shiga Makka lokacin hajji ba da izini ba, a dokar 2025, tarar da ta kai riyal 20,000 ce, da kora, da hana shiga ƙasar shekara goma. A hajjin 2024 mutum sama da 1,300 suka rasu cikin tsananin zafi, hukumomin Saudiyya suka ce kashi 83 cikin ɗari marasa izini ne, waɗanda ba su da tanti mai sanyi ko motar da za ta ɗauke su.

Abin da ya maye gurbin "a yi aiki a tara a ƙara gaba" shi ne adashin gata na hajji, wanda NAHCON ta fara da bankin Jaiz a 2020: kana gidanka kana zubawa kaɗan-kaɗan. Mai sha'awar tafiyar ƙafa kuma zai same ta a can, domin Mina zuwa Arfa kaɗai wajen kilomita 14 ne, ban da zirga-zirgar jifa.

Kakanmu ya yi gabas, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta ina za mu fara?

Daga tsofaffin gida, tun suna raye. A ɗauki muryarsu a waya. Abin da ake nema: cikakken sunansa da na mahaifinsa da na kakansa, laƙabinsa, sana'arsa, irin tsagen fuskarsa, malaminsa ko ɗariƙarsa, da waɗanda suka tafi tare. Shekara ba a tambayarta da lamba, da abin da ya faru ake kamo ta: kafin zuwan Sarauniyar Ingila Jos a 1956 ne ko bayansa, kafin jirgin ƙasa ya kai Maiduguri a 1964 ne ko bayansa. In akwai tsohuwar wasiƙar ajami a ɗauki hotonta gaba da baya, har da ambulan, domin hatimin gidan waya yana faɗin gari.

Kuskuren da mutanen Jos suka fi yi shi ne cigiya da sunan Jos. Yawancin waɗanda suka tashi daga nan haƙar kuza ko kasuwanci ya kawo su, kuma a can gabas da garin asali ake sanin mutum: Bakano, Bakatsine, Bazazzagi, Bahaɗeje. A yi cigiya da wancan sunan, a ambaci Jos a matsayin inda ya tashi.

Saƙon ya zama na murya, gajere, minti ɗaya ko biyu, domin da yawansu ba sa karanta Hausar boko. A ba alhazai da masu zuwa umara, a ba waɗanda suka yi karatu a Sudan, a sa a zaurukan WhatsApp na Hausawan can. A Makka, unguwar Shara Mansur ce matattarar mutanenmu. Idan kuwa dangin da ake magana da su ne yaƙi ya raba ku, a je reshen Red Cross na jiha a cike takardar neman dangi. Kyauta ne, kuma suna aiki a sansanonin gabashin Chadi.

A riƙe abu biyu ba a faɗa a cikin saƙon ba, misali sunan mahaifiyarsa da wani tabo a jikinsa. Wanda ya kira ya ce shi jika ne, a bar shi ya kawo su da bakinsa. Duk wanda ya fara da neman kuɗin mota kafin a gama gane juna, a dakata.

Mun same su, suna so su dawo. Wace takarda za su nema?

Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, in ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Sashe na 26 ya ba baligin da aka haifa a waje, wanda ɗaya daga kakanninsa ɗan Najeriya ne, damar neman rajista, wannan kuwa ta ma'aikatar harkokin cikin gida a Abuja ake bi. Wahalar tana wajen hujja, tunda wanda ya tafi a 1940 bai bar fasfo ba. Abin da ke taimakawa: takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumar da kakan ya fito, wasiƙar hakimi ko mai unguwa, rantsuwar dattawa biyu a kotu, da duk wata tsohuwar takarda mai sunansa. A nemi shaidar asalin a garin kakan, ya fi sauƙi da nemanta a inda ya yi zaman aiki. Wanda ya riga ya tsallako Chadi ya je ofishin jakadancin Najeriya a Injamena ya nemi takardar tafiya ta gaggawa. Fasfo sai da lambar NIN. A tabbatar rubutun suna iri ɗaya ne a kowace takarda, domin sunan da aka juyo daga Larabci yana fitowa kala uku, kuma harafi ɗaya yana tsayar da fayil wata da watanni.

Mijina ya tafi shekaru, ba labari. Mene ne matsayina, kuma yaushe za a raba gadonsa?

Hajiya, kada ki yanke wa kanki hukunci, kuma kada dangi su yanke miki. A Malikiyya matar wanda ya ɓace tana kai ƙara wurin alƙali, a bincika, in ba a same shi ba a ɗiba mata shekara huɗu. Lissafin yana farawa ne daga lokacin da aka kai ƙara aka gama binciken, ba daga ranar da ya fita ba, kuma nan ne mata da yawa suke asarar shekaru suna jira a gida. Bayan shekara huɗun ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, sannan ta yi aure in ta so. Wannan idan ya bar abin da za a ciyar da ita ne; in bai bari ba, tana iya neman a raba auren saboda rashin ciyarwa ba tare da wannan dogon jira ba.

Dukiya hukuncinta daban. Ba a raba ta sai an tabbatar da mutuwarsa, ko shekarunsa sun kai inda sa'o'insa ba sa wucewa, wanda mafi shahara a mazhaba shekara 70 ne daga haihuwarsa. Dokar shaida ta Najeriya kuma tana ɗaukar wanda aka shekara bakwai ba a ji daga gare shi ba a matsayin mamaci, abin da banki ko ofishin fansho za su duba ke nan. In daga baya aka gano ya bar 'ya'ya a can gabas, magada ne kamar na gida, kuma gidan da aka raba ba da su ba sai an sake lissafi.

Ya rasu a hanya bai isa ba. Za mu yi masa hajji?

In ya bar wasiyya a yi masa, a zartar daga cikin sulusin dukiyarsa. In bai bari ba, malaman Malikiyya sun fi son a yi masa sadaka da addu'a, wasu mazhabobin kuma sun yarda a yi masa, da sharaɗin mai yin ya riga ya sauke nasa faralin. In za a ba wani a can ya yi, a tabbatar yana da izinin hajji na wannan shekarar, a ba shi cikakken sunan mamacin don niyya a miƙati, a kuma yi yarjejeniya kan kuɗin hadaya tun farko. Mutum ɗaya hajji ɗaya yake yi a shekara. Wanda aka ji ya karɓi kuɗin gida uku ko huɗu a shekara guda, a karɓe naku a ba wani.